Yadda ake tsara aikin kowace rana a Majalisar Dokokin Kamaru, da yadda za ka bi sawunsa daga Arewa

Tambaya guda ce ke ta dawo mini daga Garwa, Marwa da Ngawundare, wani lokaci har daga 'yan kasuwar Kuseri: wa ke yanke abin da dipitoci, wato wakilan da muke zaɓa zuwa majalisa, za su tattauna yau, kuma ta yaya mutum zai san ranar da za a taɓo maganar da ta shafe shi? Wasu don son sani kawai suke tambaya. Wasu kuwa shugabannin ƙungiyoyi ne, na fataken shanu, na manoman albasa ko auduga, na direbobin manyan motoci, da koke a hannunsu amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, balle lokacin ƙwanƙwasa ta.

Ba a zauren da kuke gani a talabijin ake tsara aikin ba. A wani ƙaramin zama ake yi, kafin a kunna kyamara, kuma gwamnati ce ke da layin gaba a wurin. Wanda ya fahimci wannan zai daina ɓata kuɗin mota. Ga matakan bi da bi. Idan na ce "zango", ina nufin watan da majalisa ke aiki gaba ɗayansa. Idan na ce "zama", ina nufin taron rana guda.

1. Fara da kalanda

Majalisar dipitoci mai kujeru 180 ba kullum take zama ba. Kundin tsarin mulki na 1996, wanda aka yi wa gyara a 2008, ya ba ta zango uku a shekara: Maris, Yuni da Nuwamba, kuma ko wanne ba ya wuce kwana 30. Kwana 90 ke nan a shekara, har da Asabar da Lahadi a cikin lissafin. Majalisar Dattawa mai sanatoci 100 ita ma a waɗannan ranakun take zama.

Kwamitin gudanarwar majalisa, wanda ake kira Bureau, shi ke sa ranar buɗewa bayan ya tuntuɓi Shugaban Ƙasa, sai a karanta sanarwar a rediyo. Da ka ji ranar, ɗauki alƙalami ka ƙirga kwana 30, ka sa alama a ranar rufewa. Duk sauran lissafinka a kan wannan alamar zai rataya.

Hattara: sunan wata yana ruɗin mutane. Ba a cika buɗewa ranar 1 ga wata ba, don haka zangon Yuni kan shiga Yuli, na Nuwamba ya shiga Disamba. Dokar da ta ƙara wa dipitocin da aka zaɓa a 2020 shekara guda a kan wa'adinsu, a watan Yuli na 2024 aka amince da ita, amma cikin zangon Yuni.

Kowane zango da halinsa. A Maris ake zaɓen shugaban majalisa da sauran 'yan Bureau, su 23. Kafin a yi zaɓen, dipiten da ya fi kowa shekaru ne ke riƙe guduma, da mafiya ƙarancin shekaru biyu a gefensa. Ko a shekarun da kowa ya san sakamakon tun daga gida (Cavayé Yéguié Djibril, ɗan Mayo-Sava, ya hau kujerar a 1992 ya shafe sama da shekara 30 a kanta), jiran zaɓen nan kan cinye kwanaki daga cikin talatin ɗin. Kada ka kai koke a makon farko na Maris, hankalin kowa yana kan kujeru. A zangon Yuni ake muhawarar share fagen kasafin shekara mai zuwa, wadda ba a kaɗa ƙuri'a a kanta. Nuwamba kuwa na kasafi ne, zan dawo kansa.

Akwai kuma zango na musamman, wanda Shugaban Ƙasa ko kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa ke iya nema. Ba ya wuce kwana 15, kuma abin da aka kira shi dominsa kaɗai ake yi. Kada ka sa rai za a cusa maganarka a ciki.

2. Tantance ko maganarka ta majalisa ce

Wannan matakin gajere ne, amma a nan aka fi faɗuwa. Sashe na 26 na kundin tsarin mulki ya jera abubuwan da sai da doka ake yin su, kamar haraji, kasafi, dokokin zaɓe, laifuffuka da hukuncinsu, mallakar ƙasa. Abin da ba ya cikin jerin, gwamnati ce ke yanke shi da dikiri, wato umarnin da take sa wa hannu ba tare da majalisa ba, ko sanarwa.

Ga misali biyu da kowa ya ji a aljihunsa. Tambur ɗin da ake manna wa takardu ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500 a farkon 2023: wannan ta majalisa ya bi, domin a cikin dokar kasafi yake. Litar fetur kuwa da ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024, sanarwar gwamnati ce, lokacin ma majalisa ba ta zama. (Na san da yawa daga cikinmu zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin hanya, muke saya a kwalba, amma ita ma farashinta kan leƙa na gidan mai.) Idan maganarka irin ta biyun ce, ba daftarin doka za ka nema ba, tambaya ga minista za ka nema. Tsallaka zuwa mataki na 6.

3. Taron shugabanni, inda ake raba ranaku

Nan ne tukunyar. A rediyo za ka ji ana cewa Conférence des présidents. Sashe na 18 na kundin tsarin mulki ya ce wannan taro ne ke tsara ajandar majalisa, abin da Faransanci ke kira ordre du jour. Masu zama a cikinsa: 'yan Bureau, shugabannin kwamitoci, da shugabannin rukunonin jam'iyyu. Wakilin gwamnati ma yana halarta, kuma akwai minista sukutum a fadar Shugaban Ƙasa da aikinsa shi ne hulɗa da majalisun nan biyu.

Daftarin doka iri biyu ne. Wanda ya fito daga Shugaban Ƙasa sunansa projet de loi. Wanda ɗan majalisa ya rubuta da kansa sunansa proposition de loi. Ka riƙe waɗannan kalmomi biyu da kyau, domin da jin wadda mai labarai ya faɗa za ka san saurin da abin zai yi. Ana ajiye daftari a gaban majalisun biyu lokaci guda, sannan taron shugabanni ya duba ko ya cancanci a karɓa, ya kuma faɗi kwamitin da zai yi nazarinsa.

Ƙa'idojin da taron ke bi su ne ainihin abin da ya kamata ka haddace.

Ta farko, daftarin gwamnati ne a gaba, kuma bisa jerin da gwamnati ta ga dama. Daftarin ɗan majalisa da gwamnati ta yi na'am da shi ma yana shiga wannan layi. Sauran sai an gama da waɗannan.

Ta biyu, duk daftari ko gyaran da ɗan majalisa ya kawo, idan zai rage kuɗin shiga na gwamnati ko ya ƙara mata kashewa ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba, ba a karɓarsa. Wannan ƙa'ida ce ke kashe mafi yawan buƙatun da ƙungiyoyinmu ke ɗauka zuwa Yawunde. "A soke harajin kaza" ko "a gina mana kaza" ba ya wucewa shi kaɗai. Sai an haɗa da "a rage daga wuri kaza". Idan an yi jayayya kan cancantar daftari, Shugaban Ƙasa, ko shugaban majalisa, ko kashi ɗaya cikin uku na dipitoci na iya kai maganar gaban Majalisar Tsarin Mulki, wadda ke duba ko doka ta dace da kundin, ta yanke.

Ta uku, da gwamnati ta ce abu na gaggawa ne, ya zama na gaggawa, babu mai ja. Shi ya sa za ka ga daftari ya shigo da safe, kwamiti ya zauna a kansa da yamma, kafin mako ya zagayo an gama.

Ta huɗu ita ce 'yar tagar da aka bar wa 'yan majalisa: daftarin ɗan majalisa da aka karɓa amma zango biyu a jere suka wuce ba a duba shi ba, dole a duba shi a zango na uku. A takarda kyakkyawar ƙa'ida ce. A aikace, sai an karɓi daftarin tukuna kafin lissafin ya fara, kuma masu karɓar su ne dai 'yan wannan taro. Kusan duk dokokin da ake zartarwa a ƙasar nan daga gwamnati suke fitowa. Ni dai ban taɓa ba wa wata ƙungiya shawarar ta jingina fatanta a kan proposition ba.

Hattara: ba kowane dipite ne ke da baki a wannan taro ba. Kafin jam'iyya ta kafa rukuni sai tana da dipitoci 15. A zaɓen 2020 jam'iyyar RDPC mai mulki ta samu kujeru 152, UNDP 7, FSNC 3, MDR 2. Ka ga ke nan dipiten ƙaramar jam'iyya, komai zafin bakinsa a zaure, ba shi da kujera a inda ake raba ranaku, sai in yana cikin Bureau ko yana shugabantar kwamiti. Don haka tambayar farko da za ka yi wa dipitenka, cikin ladabi, ita ce: "Ranka ya daɗe, a wane kwamiti kake, kuma wa muke da shi a Bureau?" Jihohinmu uku na da dipitoci 51: Arewa Mai Nisa 29, Arewa 12, Adamawa 10. Da wuya a rasa ɗan Arewa a kowane kwamiti.

Wani abu kuma: taron ba ya fitar da jadawalin wata guda a ranar farko ya kwanta. Yana sake zama duk lokacin da sabon daftari ya iso. Jadawalin da ka ji ranar Litinin na iya canzawa kafin Laraba.

4. Kwamiti: nan ake gyara, in za a gyara

Bayan taron shugabanni, akan yi ɗan gajeren zama a zaure, a sanar da dipitoci cewa an karɓi daftari lamba kaza, an miƙa shi ga kwamiti kaza. Zaman kan ƙare cikin 'yan mintoci, har mai kallo ya ce ba a yi komai ba. Kai kuwa a nan za ka rubuta abu biyu: lambar daftarin da sunan kwamitin.

Kwamitoci tara ne, ko wanne da mutum 20: na dokokin tsarin mulki da shari'a, na kuɗi da kasafi, na harkokin waje, na tsaro, na tattalin arziki da tsare-tsare, na ilimi da matasa, na al'adu, zamantakewa da iyali, na samar da kaya da cinikayya, sai na shawarwari da koke-koke. Maganar noma, kiwo da kasuwanci galibi ta kwamitin samar da kaya da cinikayya ce. Maganar haraji da kwastan ta kwamitin kuɗi ce.

Ministan da abin ya shafa ne ke zuwa ya kare daftarin. 'Yan kwamiti su yi masa tambayoyi, su bi sassan ɗaya bayan ɗaya, su kawo gyara, sannan mai rahoto ya rubuta abin da aka cim ma. Ba a buɗe wa jama'a wannan zama, don haka ba za ka shiga ba. Takardarka ce za ta shiga, a hannun ɗan kwamiti.

Yadda za ka shirya ta: shafi ɗaya, da Faransanci ko Ingilishi, domin su ne harsunan aiki. Ka ambaci sashen da ke damunku da lambarsa, ka rubuta yadda kuke so ya koma, ka kawo dalili biyu ko uku da lissafi na gaskiya daga kasuwarku. Ka nemi wanda ya iya rubutun ofis ya duba, kada ka dogara da fassarar waya.

Hattara: tsakanin sanar da daftari da zaman kwamiti wani lokaci kwana ɗaya ne ko biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matsayar ƙungiyarku ta kasance a rubuce, lambar dipite tana wayarka, tun kafin a buɗe zango.

5. Ranar zaure

Idan kwamiti ya gama, taron shugabanni ya sa ranar babban zama. Tsarin ranar kusan iri ɗaya ne kullum. Shugaba ya buɗe, mai rahoton kwamiti ya karanta rahotonsa, wani lokaci sama da awa guda. Sai muhawara ta gaba ɗaya, inda dipitocin da suka rubuta suna ke hawa mumbari. Minista ya amsa. Sannan a bi sassa ɗaya-ɗaya, a ƙarshe a amince da dokar gaba ɗayanta. Rinjaye mai sauƙi ya isa.

Kundin tsarin mulki ya ce zaman a buɗe yake ga jama'a, sai dai in Shugaban Ƙasa ko fiye da rabin dipitoci sun nemi a rufe ƙofa. Ana iya kawo gyara a zaure, amma kada ka yaudari kanka: abin da bai samu shiga a kwamiti ba, da wuya ya shiga a nan. Amfanin zaure gare ka shi ne amsar da minista ya bayar a bainar jama'a. Ka naɗe ta a waya, ka rubuta ranar. Wata rana za ka buƙace ta.

Game da lokaci kuwa, in an ce ƙarfe goma, ka yi guzurin haƙuri. A makon ƙarshe na zango, zama kan kai tsakar dare.

6. Ranar tambayoyi

Wannan ce ƙofar da ta fi kusa da talaka, kuma ita aka fi mantawa. Sashe na 35 ya ware zama guda a kowane mako na zango domin 'yan majalisa su yi wa ministoci tambaya, su kuma su amsa. Sau da yawa ranar Juma'a ake yi. Tambaya iri biyu ce, ta baki da ta rubuce. Ko ta bakin ma sai dipite ya rubuta ya ajiye tun da wuri, a sanar da gwamnati, a sa ta a layi. Ba a miƙewa haka kawai a jefa wa minista tambaya.

Lissafa da kanka: mako huɗu a zango, zango uku a shekara, zama goma sha biyu ke nan in an yi duka, ga dipitoci 180. Layin dogo ne. Tambayar da aka ajiye a makon farko ta fi wadda aka kawo a mako na uku damar fitowa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tambaya mai faɗi. "Yaushe za a gyara hanyoyin Arewa?" kyauta ce ka ba minista, zai yi minti goma yana jera ayyuka. Ka matse ta: hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, kilomita nawa aka kammala, nawa aka ware mata bana, wane wata za a gama? Tambaya guda, wuri guda, minista guda. Kuma kada ku raba tambaya ɗaya ga dipitoci biyar kuna ganin yawa ne ƙarfi. Kowa zai ɗauka ɗan uwansa ya ajiye.

Idan koke ne ba tambaya ba, a rubuta shi da sunan shugaban majalisa, da sa hannun masu koken. Kwamitin koke-koke domin wannan aka kafa shi.

7. Nuwamba daban take

A wannan zango komai kan ja gefe ya ba kasafi hanya. Dokar kuɗi ta 2018 ta ce a ajiye daftarin kasafi kwana 15 kafin a buɗe zangon, amma ƙorafin makararsa ya zama kamar na sanyin hunturu, kusan kowace shekara sai an yi. Jerin dai shi ne: a duba dokar rufe lissafin shekarar da ta wuce, Firaminista ya zo zaure ya gabatar da shirin gwamnati na shekara mai zuwa, ministan kuɗi ya kare daftarin a kwamitin kuɗi, sannan ministoci su riƙa shiga gaban kwamitin ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, kowa yana kare kasonsa. Daga nan sai zaure.

Ɗan kasuwa ba jimillar biliyoyin da ake faɗa a labarai zai sa wa ido ba. Sashen farko na daftarin zai nema, inda ake sauya dokokin haraji da na kwastan. A can ƙarin kuɗin tambur ya ɓuya a ƙarshen 2022, mutane da yawa ba su farga ba sai da suka je yin takarda a Janairu. Idan shekara ta ƙare ba a amince da kasafi ba, Shugaban Ƙasa na da ikon ci gaba da na bara, kashi ɗaya cikin goma sha biyu kowane wata.

Wanda ke son a sa aiki a kasafi, rijiya ce ko aji ko gada, in ya bari sai Nuwamba ya makara. Ma'aikatu sun gama lissafinsu tun damina. Yuni ne lokacin magana.

8. Bayan guduma

Amincewar dipitoci ba ita ce ƙarshe ba. Nan take ake aika dokar Majalisar Dattawa, wadda ke da kwana 10, ko kwana 5 in gwamnati ta ce gaggawa ce. Sanatoci na iya amincewa, ko su gyara su mayar, ko su ƙi da rinjayen fiye da rabinsu. Kowace jiha na da sanatoci 10, bakwai zaɓaɓɓu, uku naɗaɗɗu, wato 30 ke nan daga Arewa. Wannan ce damarka ta biyu, kuma gajera ce ƙwarai.

Daga nan Shugaban Ƙasa na da kwana 15 ya sa hannu, sai in ya nemi majalisa ta sake duba dokar ko ya tura wa Majalisar Tsarin Mulki. Sannan a buga a jaridar gwamnati ta dokoki, da Faransanci da Ingilishi.

Hattara: dokoki da yawa ba sa fara cizo sai an fitar da dikirin aiwatarwa, wanda kan ɗauki watanni. Kada ka canza farashin kayanka ko ka yi gardama da jami'i a shingen hanya don kawai ka ji an ce majalisa ta amince. Nemi kwafin da ke ɗauke da lambar doka da ranar sa hannu.

9. Kayan aiki, da tafiya in ta zama dole

Mafi yawan abin da na lissafa daga gida ake yin sa, kuma kuɗinsa bai wuce na data da na buga takarda ba. Labaran rana da na dare na CRTV, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, suna faɗin abin da aka yi da wanda za a yi gobe. Jaridar Cameroon Tribune kan kawo sunayen daftarori da kwamitocinsu. Littafi guda na rubutu, shafi ɗaya ga kowane daftari: lamba, kwamiti, ranar shiga, ranar zaure. Sai lambar dipite da ta mai taimaka masa, wanda sau da yawa ya fi maigidan saurin ɗaga waya. Mafi arha duka, ka same shi a gida tsakanin zango da zango, a wurin ɗaurin aure ko bayan sallar Juma'a, ka nemi ya sa maka rana.

Na san wata tawaga ta mutum shida da suka yi karo-karo, suka kwana a jirgin ƙasa daga Ngawundare, suka isa Yawunde a watan Agusta da kokensu a jaka. Majalisa tana hutu, dipiten da suka je nema kuma yana ƙauyensu, tafiyar awa guda daga inda suka taso.

In tafiyar ta kama, mutum biyu sun isa, ɗaya ya kasance mai jin Faransanci sosai. Ku lissafa motar zuwa Ngawundare, jirgin dare zuwa da dawowa, tasi a cikin gari, da masauki na aƙalla kwana uku, domin ranar da aka sa tana iya gusawa. Wanda ke da ɗan uwa a Birketiri, unguwar Hausawa ta Yawunde, ya huta da kuɗin otal. Dipitoci na zama a sabon gininsu na unguwar Ngoa-Ekelle da aka buɗe a ƙarshen Nuwamban 2024, sanatoci kuwa a Palais des Congrès, kada ɗan tasi ya kai ku inda ba nan ba. Ku riƙe katin ɗan ƙasa, ku kuma shirya da dipitenku tun kafin ku taso don ya san da zuwanku a ƙofa.

Duk takardar da za ku ajiye, ku yi mata kwafi uku. Ɗaya ga ofishin karɓar wasiƙu, ɗaya ga dipite, ta ukun kuma a buga muku hatimi da kwanan wata a kanta, abin da ake kira desharj, ku dawo da ita gida. Kada ku bar tagar sai an buga.